Na Bar Husna Ta Je Wasan Harbin Fenti, Malam

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Malam.

Bayan gaisuwa irin ta mata ga mijinta, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Mu nan Zawaciki lafiya lau muke, sai kewarka da ta ƙi tsufa. Na san takarda ba ta isa inda kake. To amma shekara uku ke nan in magana ta cika mini ciki ba ni da wanda zan juye wa, shi ya sa na rubuta, duk wanda ya karanta ya sa ka a addu'a.

Zancen autarka ne, Husna. Ta cika ashirin, ta kusa kamo ka a tsawo, taurin kan kuwa tuni ta wuce ka. Kwanaki ta shigo mini da wani sabon salo, wai ita da ƙawayenta na makaranta za su je wasan harbin fenti. Wani tsohon sito ne a Bompai aka gyara, aka jera tayoyi da durom a ciki, mutane suna ɓuya suna harbin juna da bindigar iska. Harsashin ɗan ƙwallon fenti ne kamar kanya, in ya same ka ya fashe, ka fita daga wasa.

Ban bari ta rufe baki ba na ce a'a. Ka san dalili.

Ido ɗaya gare ta, Malam, kuma ni na jawo. Har gobe ina ganin ranar. Ina faskare a tsakar gida, tana 'yar shekara shida, ta tsuguna a gefena tana ba ni labarin makarantar allo, tsinken itace ya yi tsalle ya same ta a ido. Na dama ya tafi, na hagu ya saura. Ba ka taɓa ce mini don me ba, ko sau ɗaya, ko a cikin faɗa. Ni ce ban yafe wa kaina ba.

Tun daga nan na zama mai gadin idon hagu. Na hana ta keke, na hana ta suya, ko kan rake za ta sara sai na karɓe wuƙar. Kai kuwa ka riƙa ɗaukar ta a babur a ɓoye kana koya mata tuƙi a bayan layinmu, kana zaton ban sani ba. Kullum maganarka ɗaya ce: “Hajiya, ba hana ta za mu yi ba, shirya ta za mu yi.”

Da na ce a'a ba ta yi musu ba. Da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi to, Umma, ta ninke mayafinta ta shige ɗaki. Irin wannan “to” ɗin na sha ji tun bayan tafiyarka, kuma kowane ɗaya sai na ga yarinyar ta ƙara yin shiru. Na ji tsoro, Malam. Na ga ina tsare mata ido ina kashe mata zuciya.

Washegari bayan na idar da walaha na tsaya gaban rigar aikinka, shuɗiyar nan mai haɗe da wando, da har yanzu take rataye a ƙusar bayan ƙofa. Shekara ashirin da biyu kana riƙe da siton kayan kariya a kamfanin fata na Challawa, kana raba wa ma'aikata safar hannu da takalmi da gilashi. 'Yan Jigawa da 'yan Maraɗi da ke aikin jima har suna suka sa maka, Malam Huci, saboda ba ka miƙa wa mutum gilashi sai ka huce shi da bakinka ka ga ko tururin zai watse da wuri. Ni ma dariya nake maka. Sai ka ce mini ba taurin kai ke sa ma'aikaci ɗage gilashi ba, dushewa yake ya daina gani, kuma a daidai lokacin ne ruwan sinadari ke fallatsowa.

Na sa hijabina na hau adaidaita sahu har Bompai, ni kaɗai.

Da ka ga matarka ranar da ka yi dariya har ka riƙe ciki. Mai wurin ya zaci ɗana na zo nema in ja masa kunne. Na ce ya fito mini da duk abin rufe fuskar da yake da shi. Ya jere su a kan tebur, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina huci, ni mai jikoki huɗu. Na ture masu tsaga, na ture wanda robarsa ta saki, na ture wanda soson cikinsa ya ruɓe. Yawancinsu in ka huce su tururin zama yake kamar ya zo gidan ubansa. Can na sami ɗaya mai gilashi ninki biyu, ina hucewa yana washewa. Na ja igiyarsa da ƙarfi, na duba ya rufe kunne da haɓa. Na sa ya rubuta sunan Husna a takarda ya manna, na kuma gaya masa gaskiyar idonta. Bawan Allah ya daina murmushi, ya ce shi da kansa zai tsaya alƙalin wasan.

Da na dawo gida na ce wa Husna za ta je. Rigarka na sauke, ka yafe mini, na rage mata ƙafa da hannu. Yadin yana da kauri, ba ya matse jiki, kuma ba wanda zai yi kukan ya ɓaci. Na sa ta saka riga mai dogon hannu a ciki, da abin kare ƙirji da suke bayarwa a can. Na karɓe silifas na ba ta kambas mai igiya, na nemo safar hannunka a akwati. Dogon hijabi na ce a bar shi a gida, kada ya harɗe ta tana gudu. Na ba ta ƙarami mai roba wanda ke rufe wuya, na zare duk wani fil da ke kanta, don ban yarda da tsini kusa da fuskar nan ba. Ƙawayenta kuwa har da mai farar abaya da takalmi mai tsini, sai ka ce walima aka gayyace su.

Ranar wasan, a bakin filin na ɗaure mata abin fuskar da hannuna, na maimaita mata dokar da kake gaya wa ma'aikatanka: “In gilashi ya rufe, ka tsaya cak ka ɗaga hannu. Kada ka taɓa shi sai an fito da kai.” Ta ce ta haddace tun tana firamare.

Na zauna a bayan raga ina jan carbi, ban san me nake karantawa ba. Ina jin ƙarar bindigogin, tas, tas, ina kuma jin wata dariya da na fi shekara uku ban ji ba. 'Yarka tana gudu, Malam. Tana birgima a bayan taya cikin rigarka, tana ba ƙawayenta umarni.

Sai aka same ta. A fuska, a hagu, daidai kan idon.

Rawayan fenti ya shafe gilashin ta wannan ɓangaren. Ga wani, rabin gani ne ya tafi. Ita kuwa duhu ne gaba ɗaya, ga harbi ta ko'ina. Na ga hannunta ya taso zuwa fuskarta, na miƙe tsaye. Hannun ya zo daidai haɓarta, ya ɗan tsaya, sannan ya wuce sama. Ta tsaya cak, hannu a sama, har mai wurin ya busa usur, ƙawarta ta kamo ta ta fito da ita.

Ban tsaya kwance igiyar ba. Da bakin mayafina na goge fentin. Ga idon nan a bayan gilashi, lafiya lau, yana kallona yana dariya. Ta ce, “Umma, ban ɗage ba.” Ni kuwa na rushe da kuka a gaban 'ya'yan mutane, ban ji kunya ba.

Kai ne da gaskiya, Malam. Na daɗe ban faɗa maka ba, ka san halina. Ta ce za ta koma wata mai zuwa, na ce to, kuma tawa “to” ɗin ta gaskiya ce. An wanke rigarka an mayar da ita ƙusarta. Mayafin ne dai ban wanke ba, sun ce fentin da ruwa yake fita, shi ya sa.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa idanun bayinsa da ka tsare a Challawa su zame maka haske ranar tsayuwa. Ya tsare mana na Husna, Ya haɗa mu a Aljanna inda za ta gan ka da duka biyun. Amin.

Taka har abada,
Maman Husna.