Ranar da Ka Faɗi a Gangaren Panyam

Zuwa ga maigidana Malam, uban 'ya'yana, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Mu nan Bagudo lafiya lau, sai godiya. Damina ta yi kyau bana, gulbi bai ci shinkafar mutanen Kaoje ba. Gwiwoyina ne kawai suke ba ni wahala.

Ba gaisuwa kaɗai ta sa na ɗauki alƙalami ba. Akwai faɗan da ban taɓa gama yi maka ba, domin duk ranar da na ɗauko shi sai ka yi dariya ka sa hula ka fice. Yanzu ba inda za ka. Na san jikoki za su karanta wagga takarda. Su karanta, su san halin kakan da suke yabo.

Shekarar da aka ba ƙasa mulkin kai aka kawo ni ɗakinka. Mutanen Dahome, wadda yanzu ake ce wa Benin, sun riga mu karɓar nasu, 'yan kasuwarsu na tsallakowa suna yi mana tsiya. Kai kuwa kana malamin dabbobi, kana bin rugage daga Lafagu har bakin iyaka kana yi wa shanu allura. Da na shiga ɗakin, abin da na fara tararwa shi ne baƙin keke a jingine inda ya kamata a jera kwanonina. Ka ce raɓa na ɓata shi. Kwanonin amarya suka koma bayan ƙofa.

Kana wanke keken nan kafin ka wanke jikinka. Man gyaɗan da uwata ta aiko mini, a sarƙarsa ya ƙare.

Sannan ka tsiro da cewa sai na koya. In maƙwabta sun tafi gona da hantsi, ka rufe ƙofar zaure, ka riƙe mini sirdi, mu yi ta zagaya tsakar gida. Na fasa randa, na taka ɗan tsako, na ƙuje gwiwa. Kullum maganarka ɗaya ce: "Kak ki dubi taya, dubi gabanki." Da ubana ya ji labari, da ya zo da kansa cikin kwale-kwale ya ɗauke ɗiyarsa.

Ba a daɗe ba aka yi maka canji zuwa ƙasar Filato, can wajen Panyam. Ni ɗiyar masunta ce, tudu mafi tsawo da na sani shi ne suri. Ka kai ni ƙasar da sanyi ke shiga ƙashi, duwatsu baƙaƙe masu huji-huji kamar an gasa su, tsaunuka a zagaye kamar an kife ƙorai. Ka ce tun zamanin da ba kowa suka yi aman wuta. Na tambaye ka mi ya kai mutum mai hankali kusa da dutsen da ya taɓa yin haka. Ka ce ai sun mutu. Ban taɓa ganin wanda ya halarci jana'izarsu ba.

Nan haukanka ya cika. Sauran ma'aikata in Lahadi ta zo sai su zauna su ji rediyo, su yi gardamar siyasa. Kai sai ka ɗaure gorar ruwa a kariyar bayan keke ka ɓace. Kuma ba babbar hanya kake bi ba, inda in wani abu ya sami mutum motar itace za ta tsince shi. Sai ka zaɓi 'yan siraran hanyoyin da ba mai bi, tsakanin shingen ƙerana da gonakin acca. Ka dawo da la'asar fuska duk jar ƙasa, kana ba ni labarin wai ba ka ji komai ba sai iska da ƙarar tayarka. Ni da na wuni a ɗaki ban ji muryar kowa ba, kana yaba mini shiru.

A lokacin ina da ciki na uku. Biyun farko ba su zauna ba, ka fi kowa sani, kai ka haƙa ramin na biyun. Duk da haka wata Lahadi ka ce in zo ka nuna mini bakin ɗaya daga cikin tsaunukan nan, wai iskar can magani ce. Na hau kariya don na gaji da kallon bango. Kafin mu tashi na ce maka birkin baya yana kuka, robarsa ta cinye. Na sha gaya maka. Ka ce gobe.

Hawan da ƙafa muka yi rabinsa, kana tura keke ina haki. Ba zan yi maka ƙarya ba, da muka kai sama na ga abin da ban taɓa gani ba. Kan dutsen a lotse yake kamar akushi, ciyawa shar a ciki, gajimare na wucewa kusa da kai, ƙauyuka a ƙasa kamar an watsa tsaba. Na saki baki ina kallo. Kai kuma ka tsaya kana kallona kana murmushi, sai ka ce kai ka gina shi.

Da muka zo gangarowa na dubi hanyar na ce sauke ni. Ka ce tsoro ne. Na ce na ji, sauke ni. Ka sauke ni, ka buga ƙararrawa, ka saki keke ya tafi da kai, rigarka na tashi a baya. Kwana ta ɓoye ka.

Da na zagayo kwanar, hularka na fara gani a tsakiyar hanya. Kana can gefe cikin baƙaƙen duwatsu, ƙafarka ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, jini na bin kunnenka. Birkin baya ya ƙi, ka damƙi na gaba, keken ya jefa ka ta kansa. Na kira, na ƙara kira. Dutse ne kawai ya amsa. Ga hanyarka mai shiru, Malam. Ko akuya babu.

Na yaga gyalena na ɗaure maka kai. Na ja ka inuwa, na ajiye gorar ruwa a hannunka. Ɗaukarka ba zan iya ba, zuwa ƙauye da ƙafa kuwa rana za ta faɗi jini bai tsaya ba. Na dubi keken. Kansa ya karkace, sai na matse tayar gaba da gwiwoyina na murɗa shi kamar yadda na ga kana yi. Na tattare zane, na yi bisimilla, na hau.

Ban taɓa tuƙi a waje da tsakar gida ba. Inda gangara ta yi tsanani na sauka na ja shi, inda ta yi sauƙi na hau ina jan diddige a ƙasa. Takalmi ɗaya ya tafi, fatar diddigen ta bi shi. Duk dutsen da taya ta buga sai in ji shi a marata, in ce shi ke nan, wannan ma ya tafi. Ina kuka ina zaginka. Allah ya yafe mini, zagin da na yi maka a hanyar nan ban taɓa yi wa mahaluki ba.

Wata tsohuwa na fara samu tana cirar ciyawa a gonarta. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarensu. Ta dubi jinin da ke hannuna, ta dubi cikina, ta ajiye fartanya ta ƙwala kira. Maza suka fito da ƙyauren ɗaki suka bi sawun taya. Ni kuwa ta kwantar da ni a ɗakinta, ta ɗora ƙafafuna kan turmi, ta ba ni kunun acca mai zafi. Har yau ban san sunanta ba, kuma ba na sallah ban tuna ta ba.

Da suka shigo da kai a kan ƙyauren, na yunƙura na matso. Ka buɗe ido ka gan ni. Ina jiran ka tambayi cikin. Ka ce, "Keken hwa, bai samu komai ba?"

Wannan maganar ce, Malam. Ita ce ban gama da ita ba.

Maɗorin ƙauyen ya ɗora ƙafar, ta kama amma ta gajarce. Cikin ya zauna, Allah ya ba mu Bello. Da aka maido mu Bagudo, sai da ka bi kasuwa rumfa-rumfa kana ba da labarin matarka ta sauko dutsen wuta a keke ba birki. Mata suka sa mini Mai Keke, sunan ya bi ni har na yi furfura. Kai kuma da ɗingishinka ka ci gaba da zuwa Matsinkai da bakin iyaka a kan sirdi, har ranar da idanu suka hana ka.

Sai bayan rasuwarka ƙanwarka ta gaya mini wai a kwanakin jinyar nan, in na fita ɗiban ruwa, kuka kake yi kana cewa ka kusa kashe mu. Ita ka gaya wa a wasiƙa. Ni da nake kwashe maka fo, ba ka iya buɗe baki ka gaya mini ba. Ka ga halinka ko?

Yanzu ga abin da ka ja mini. Likita ya ce wa Bello jininsa ya hau, ya riƙa motsa jiki. Mutum da jikokinsa, ya je ya sayo wani siririn keke da hular kwano. Shekaranjiya ya zo ya durƙusa gabana, wai shi da abokansa za su Panyam, in kwatanta masa hanyar da ubansa ya faɗi. Na yi masa faɗa har muryata ta dishe. Yana sunkuye yana murmushin nan naka. Ƙarshe na kwatanta masa. Na ce in ya kai sama ya tsaya ya duba da kyau, don wurin ya cancanci a gani. Na kuma sa shi ya matsa birkin a gabana, na gaba da na baya.

Allah ya jiƙan ka, Malam. Allah ya haskaka kabarinka, ya yafe maka kurakuranka, waɗanda ka sani da waɗanda ni kaɗai na sani. Ya saka wa tsohuwar nan da mutanenta da alheri. Ya kai ɗanka lafiya ya dawo mini da shi da ƙafafunsa biyu daidai. In ya haɗa mu a Aljanna, ka tanadi amsa, don sai ka faɗa mini da bakinka.

Ni ce matarka da har yanzu ba ta huce ba,
Hajo.