Tsingaron Randarki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan rahamar Ubangiji ta lulluɓe makwancinki. Bayan haka, ina sanar da ke randarki ta fashe, wadda kika gina da hannunki shekarar da muka sauka Korahane. Akuyar maƙwabta ce ta ture ta, ta kuma tsaya tana kallona tana tuƙa, ko kunya babu.

Na yi kuka, Inna. Ita kaɗai ta rage mini daga gare ki, ga kamanninki sun soma ɓace mini. 'Yata Hajo, takwararki, takan tambaye ni yadda kike, in rasa abin nuna mata.

Har na kwashi tsingaron zan kai juji, sai na tuna daɓen ɗakinki. Na gan ki durƙushe kina dasa tsingaro cikin ɗanyar ƙasa, warin makuba ya cika gida. Kikan ce, "Maida kaihin ƙasa, kada shi yanki ƙahwar baƙo."

Sai na kwaɓa ƙasa don daɓen ɗakina, na tara yaran gida. Suka zo da farar tsakuwa da ɓawon ƙwan jimina da Buzayen ayarin gishiri suka ba su. Na so su jera zagaye irin naki. Ina! Ɗaya daga cikinsu, Ɗanladi, ya ce shi raƙumi zai yi, ya yi masa ƙafafun da ko gizo-gizo albarka. Wata ta watsa fararen ta ce taurari ne. Na ƙyale su. Hasken hantsi ya ratso ta bunu ya zuba a kansu, har na ji kamar kina bayana kina dariya.

Can Hajo ta ɗago wani guntu na cikin wuyan randar. Ta ce, "Iya, wa ya sa yatsa nan?"

Shatin babban yatsanki ne, Inna, a inda ido bai taɓa kaiwa ba. Na ce mata ke ce. Ta ɗora nata a ciki, ta daɗe ba ta ɗauke ba, sannan ta dasa shi a bakin ƙofa, shatin yana sama.

Yanzu kullum da safe sai ta durƙusa ta sa yatsanta a ciki ta ce, "Ina kwana, takwara?" Ni kuma in jira ta fita, in sa nawa.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sanyaya shi yadda randarki ke sanyaya ruwa, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

Taki har abada,
Rabi