Rijiyar Inna

Diffa, 3 ga Maris

Zuwa ga Yaya Babakura,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti Munira da yara. Yaya zafin Damagaram? Baba lafiya lau, sai ƙafar nan tasa.

Labarin ba daɗi. Rijiyar da Baba ya gina sadaka ga Inna, Allah ya jiƙan ta, wadda ƴan gudun hijira suke ɗiba, tana warin esansi, wato man fetur. Wata dattijuwa, Kellu, ce ta kawo mana ruwan a buta har ofis. Ta ce wata guda ke nan shayinta na ɗanɗanon mashin, jikokinta kuma ba su rabuwa da ciwon kai. Na shinshina, gaskiyarta ce. Gida sama da ɗari ke sha a wurin.

Shef, shugaban ofishinmu na ruwa, ya ba ni aikin. Mun haƙa rijiyoyin gwaji biyar kewaye da ita, bututu ne kawai mai murfi da kwaɗo, don mu gano ta inda man ke biyo ruwan ƙasa. Ni dai na riga na kama mai laifi, tsohon gidan man nan na bakin hanya. Ka san ƙanwarka da saurin yanke hukunci.

Ka gaida kowa.
Sadiya

Diffa, 19 ga Maris

Yaya Babakura,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Na kasa faɗa maka wannan a waya, shi ya sa na rubuto.

Rijiyar gwajin da ke gindin gidan mai tas take. Awon ya nuna ruwan ƙasa daga gefen kogin Komadugu yake tahowa zuwa hanya, wato ta ƙarƙashin tsohuwar garkarmu ta tattasai. Rijiya ta huɗu a garkar na sa aka haƙa, don kawai ba sai na nemi izinin kowa ba. Da na jawo kwalbar awo, mai ne kaurin yatsa biyu yana yawo a saman ruwan. Wallahi Yaya, a ƙasa na zauna, a gaban ma'aikata.

Nan take na tuna shekarar da aka hana yawo da mai saboda rashin tsaro, lokacin da kai da Baba kuka binne tano-tano, gangunan ƙarfe cike da mai, a gindin kanya don injin ban ruwa. Ni na kai muku abinci ranar. Bayan sati biyu muka gudo cikin gari. Duk shekarun nan na ɗauka kun koma kun tone su. Kun tone?

Ranar Litinin zan miƙa rapor, wato rahoton aikin, kuma akwai layin da ake rubuta sunan mai fili. Ban gaya wa Baba ba tukuna. Kullum da hantsi yana dogara sanda ya je bakin rijiyar, ya zauna yana jin mata suna yi wa Inna addu'a.

Ka amsa mini da wuri.
Sadiya

Diffa, 27 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonka ya iso. Ka ce uku ne, kuma ba ku tone ba.

Na gaya wa Baba. Ya ɗauki sandarsa ya shige gaba muka bi shi har garka. Wuri bakwai ya zana a ƙasa. Ashe bayan ka tafi ya koma shi kaɗai ya ƙara huɗu. Mun tone duka, biyar tsatsa ta cinye gindinsu, ko ɗigo babu a ciki.

Da hannuna na rubuta sunansa a rapor. Shi kuma bai jira ofis ba, ya tara masu shan ruwan ya faɗa musu da bakinsa. Kellu ta daɗe tana kallon sa, sannan ta ɗauki bokitinta ta tafi. Jiya aka rufe rijiyar da siminti, yanzu mota ke kawo musu ruwa, an kuma kai yaran likita a duba su.

Muna komawa gida Baba ya tsaya a hanya ya tambaye ni, tunda ni na yi karatu, abin da yake aika wa Inna shekara shidan nan, lada ne ko alhaki. Tun jiya bai ci komai ba.

Don Allah ka zo gida.

Ƙanwarka,
Sadiya