Ɗakin Haihuwarmu da ke Jiran Almakashinka

Zuwa ga Mai Girma Likita, Shugaban Kula da Lafiya na Gundumarmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da ɗawainiyar taruka, da gajiyar zaman buro, wato ofishinka. Sunana Hajara, mai sayar da ƙuli-ƙuli. Ina da godiya ukku.

Na ɗaya. Mun gode da sabon ɗakin haihuwa da aka gina a asibitin ƙauyenmu. Fentinsa ya yi kyau ƙwarai. Tun kafin shuka yake kulle, wai sai ka zo ka yanka ƙyallen buɗewa. Mukan leƙa ta taga mu ga gadajen cikin ledarsu, mu koma gida cike da alfahari.

Na biyu. Ranar Lahadi, cikin damina, naƙuda ta kama ni da hantsi. Mijina ya kawo ni a amalanken jaki. Tsohon ɗakin yana yoyo har ruwa ya kwanta, mabuɗin sabon kuma yana cikin durowarka. Madam Rakiya, ungozomar asibitin, ta kira buronka sau huɗu, aka ce ka tafi taro Maradi kan lafiyar mata masu ciki. Allah ya sa an ci abinci mai daɗi.

A baranda na haihu, Mai Girma. Uwar mijina da wata Bafulatana mai nono, wadda ban ma san sunanta ba, su suka riƙe zannuwa suka kare ni daga idon masu wucewa, ruwa na dukan bayansu. Jini ya ɓalle mini. Madam Rakiya ta durƙusa kan siminti tana aiki tana addu'a har ya tsaya. Ɗiyata ta rayu, sai dai har yau ƙirjinta na ƙugi saboda sanyi.

Na ukku. Mun gode da babban allon da aka kafa, mai gargaɗin kada mu haihu a gida. Mun bi umurni.

Roƙona kaɗan ne. Ka zo ka yanka ƙyallen, ko ka aiko mabuɗin ta hannun direban motar Gidan Rumji, ya san asibitin. Kuma a yaba wa Madam Rakiya a rubuce.

Maƙwabciyata Salamatu tana wata na tara, tagwaye ne. Mun roƙe ta ta daure har ka samu sarari, ta ce za ta gwada.

Allah ya ƙara girma, ya sauki matan gidanka lafiya, cikin ɗaki mai ƙofa a buɗe.

Wassalam.

Hajara, uwar Nana