Ƙanena Yana Jiran Babanmu Ya Dawo Kamar Zalɓe

Misis Halvorsen,

Don Allah ki taimake ni, kuma in da hali kada ki ajiye wasiƙata a ƙasan tari, domin abin da nake tsoro ya kusa. Ba za ki tuna ni ba, amma ina cikin yaran da kike kora daga ɗakin karatun makarantarmu idan an tashi. Ban san wanda zan faɗa wa wannan magana ba sai ke.

Shekarata goma sha tara. Babanmu ya rasu a watan Janairu a kan babbar hanyar Detroit, ranar da ƙanƙara ta daskare a kan kwalta. Mun rage mu uku: ni da Mama da ƙanena mai shekara bakwai, wanda zan kira Emmett.

Baba mutumin komik ne, littattafan zanen jarumai masu tashi sama. Tun yana yaro yake tara su. Ɗakinmu na ƙarƙashin ƙasa cike yake da dogayen akwatunan kwali, kowane littafi a cikin ledarsa da kwali a bayansa don kada ya lanƙwashe. Ba a taɓa su sai an wanke hannu. Kowace Laraba, ranar da sababbi ke fitowa, yakan ɗauke mu zuwa shagon Mista Bielski, su tsaya suna musu kamar za su daku. Baba ya ce mai zanen wane bai iya ƙafa ba, shi ya sa kullum yake ɓoye ta cikin hayaƙi. Mista Bielski ya ce, "Farfesa, kai da ko da'ira ba ka iya zanawa ba, biya ka ba mutane wuri." Da waɗannan littattafai Emmett ya koyi karatu, a kan cinyar Baba.

Ga inda matsalar take. Kin san a cikin komik jarumai suna mutuwa su dawo. Emmett yana ƙarami, duk lokacin da gini ya rufta wa jarumi ko jirgi ya fashe da shi, sai ya fasa kuka. Sai Baba ya buɗe shafin ya ce, "Zo nan, sarkin kuka. Duba da kyau. Ka ga gawa? To share hawaye. In ba gawa, ba mutuwa." Kuma bai taɓa kuskure ba. Bayan 'yan watanni jarumin zai ɓullo, Emmett ya yi ta tsalle a kan kujera. Har ya zama shi ne yake faɗa wa manya a shago, suna dariya.

Wanda suka fi so shi ne Zalɓe, wani jarumi dogo mai mayafi ruwan toka da yake tsayawa da ƙafa ɗaya a kan rufin gidaje. A kakar bara gada ta karye da shi, mayafinsa kawai aka tsinta a ruwa. Baba ya ce kafin bazara zai dawo.

Da Baba ya rasu, a rufe aka kawo akwatin gawarsa coci. Emmett bai yi kuka ba ko sau ɗaya. Kowa yana cewa yaron nan jarumi ne, ni ma na ɗauka haka. Sai daga baya na fara lura. Ba ya bari a matsar da takalman aikin Baba daga bakin ƙofa. Har yanzu muna zuwa shago ranar Laraba, domin Mista Bielski bai daina ware mana littattafan Baba ba, amma Emmett ba ya buɗe su. Jera su yake yi a kan teburin ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wai a gidanmu Baba ne yake fara buɗewa. Malamarsa ta kira Mama ta ce ya gaya wa 'yan ajinsu babansa yana wani aiki na sirri.

Makon jiya muna dawowa a mota, yana baya yana kallon taga, sai ya ce, "Jo, wa ya ga gawar?" Haka kawai, kamar yana tambayar me za a ci da dare. Na ƙara ƙarar rediyo.

Misis Halvorsen, ni na gani. Ni na raka Mama asibiti, domin ba ta iya tuƙi a ranar ba. Na ga fuskarsa, na ga hannunsa. A hanyar dawowa Mama ta sa na yi mata alkawarin ba zan taɓa faɗa wa Emmett komai game da ɗakin nan ba. Ta ce ya riƙe Babansa yadda ya san shi. Ni ma ba na son tunawa. Akwai ranakun da ina tsaka da aikina a kanti, sai in ga Baba a gabana.

Yanzu kuma Mista Bielski ya manna babban hoto a tagar shago: Zalɓe yana fitowa daga ruwa. A fitowar wata mai zuwa zai dawo. Da Mista Bielski ya ga fuskata ya gane, ya ce zai cire, amma Emmett ya riga ya gani. Tun ranar yake goge kujerar Baba. Ya tambayi Mama ko za ta yi miyar kabejin nan da Baba yake so. A nan ne Mama ta fahimci abin da ke faruwa, ta shiga banɗaki ta daɗe. Da ta fito ta ce littattafan nan ne suka lalata masa tunani, Kawu Ray zai zo da motarsa ya kwashe akwatunan duka, kuma an daina zuwa shago. Na yi mata tsawa, abin da ban taɓa yi ba. Na ce su kaɗai suka rage mana. Kwana biyu ke nan muna gaisawa kamar maƙwabta.

Me zan yi? In bar ta ta kwashe su? In ɓoye masa fitowar in ce ba ta zo ba? Ko in karya alkawarina? Ina tsoron ranar da zai ga Zalɓe ya dawo, ya zauna a bakin ƙofa yana jira. Ina kuma tsoron in faɗa masa, ya zama ni ce na kashe masa Baba.

Jo, daga Toledo

*

Jo 'yata,

Na yi miki ta'aziyya, ke da mahaifiyarki da Emmett. Na karanta wasiƙarki na ajiye, na sake ɗauka, sannan na sa ta gaban sauran.

Bari in fara da ƙanenki. Tunaninsa bai lalace ba. Mutumin da ya fi yarda da shi a duniya ya ba shi ƙa'ida, ya gwada ta sau da yawa bai taɓa ganin ta faɗi ba, sai ya ɗora ta a kan abu mafi girma da ya same shi. Na yi shekaru ina ƙoƙarin koya wa yara su nemi hujja kafin su yarda da abin da aka faɗa musu, kuma abin da Emmett yake yi ke nan. Shi kaɗai yake wannan bincike tun Janairu. Tambayar da ya yi miki a mota ta nuna cewa shi ma ya fara shakka, kuma ya gaji. Shaida yake nema, ya kuma zaɓi wadda yake ganin ba za ta yi masa ƙarya ba.

Don haka ra'ayina shi ne a faɗa masa, kafin fitowar nan ta zo. Amma kada ki yi a bayan idon mahaifiyarki.

Ki yi mata adalci. Matar da ta fito daga ɗakin nan na asibiti ta nemi alkawarin da kowace uwa za ta nema, kuma a ranar daidai ne. Ba ta san yaron zai mai da rufaffen akwati ya zama dalilin jira ba. Batun akwatunan littattafan kuma, ke kina ganin Babanki a cikinsu kina jin sanyi, ita tana ganin mijinta tana jin zafi, ga shi yanzu tana ganin su suna cutar da ɗanta. Ki same ta lokacin da Emmett yake makaranta. Ki ba ta haƙuri a kan tsawar, a taƙaice. Sannan ki faɗa mata tambayar da ya yi a mota, da kalmominsa, domin ina zaton ba ta ji ta ba. Ki roƙe ta ta sake ki daga alkawarin. Ki kuma nuna mata abu ɗaya: idan akwatunan suka ɓace dare ɗaya, yaron da ya san yadda irin labaran nan suke tafiya ba zai ce Baba ya mutu ba, zai ce ana ɓoye wani abu. Ki nemi a bar su inda suke, a rufe, har shekara ta zagayo. Idan ta ƙi sakin ki, ku je tare wurin mai ba da shawara na makarantarsa, ta ji daga bakin wani. Ko ta yarda ma ku je. Akwai ƙungiyoyin yaran da suka rasa iyaye, za a nuna muku mafi kusa.

Ranar da za ku faɗa masa, ku zauna ku uku a gida, da rana, ba a mota ba. Kada ku ce Baba ya tafi, ko yana barci, ko mun rasa shi. Wanda ya tafi yakan dawo, wanda aka rasa akan nemo shi. Ki ce, "Ka tambaye ni wa ya gani, ban amsa ba. Ni na gani, ni da Mama. Baba ne, kuma ya mutu." Kada ki kwatanta rauni. Idan ya ce yaya aka yi kika tabbata, ki faɗi abu ɗaya na gaskiya da kika gane shi da shi, wanda shi ma ya sani, ko zobe ne ko wani tsohon tabo. Daga nan ki yi shiru ki bar shi ya ja zancen. Zai iya cewa ƙarya kike. Zai iya dukanki, ko ya tashi ya kunna talabijin. Zai sake tambaya gobe da jibi da wata mai zuwa. Ki ba shi amsa iri ɗaya kowane lokaci. Ba ke kika kashe masa Baba ba, Jo. Abin da za ki kawo ƙarshensa shi ne jiran da yake yi shi kaɗai.

Kada kuma kowa ya ce masa ƙa'idar Babansa ƙarya ce. Gaskiya ce, a cikin littafi. Ni ma na karanta su da yawa, kuma zan gaya miki abin da masu raina komik ba su lura da shi ba. Jarumai suna dawowa, amma da wuya iyayen jarumai su dawo. Da yawansu marayu ne, kuma duk ƙarfinsu bai taɓa mai da musu wanda suka rasa ba. A ganina mafi kyawun labaran nan ba na dawowa ba ne, na washegarin rashi ne, inda ake nuna waɗanda aka bari suna koyon yadda za su tashi da safe. Mutumin da yake duba ƙafafun zane ba zai rasa irin waɗannan a akwatunansa ba. Ki roƙi Mista Bielski ya taya ki zaɓo biyu ko uku. Shi ma ya rasa abokin musu, zai so a ba shi abin yi. Gargaɗi ɗaya: kada wani kawu ya ce wa yaron yanzu shi ne jarumin gida. Shekararsa bakwai.

Fitowar Zalɓe kuma, kada ki ɓoye ta. Ya ga hoton, kuma ƙarya ɗaya a wannan watan za ta zubar da darajar shaidarki. Ki karɓo ta ki ajiye inda zai gani. In ya so a karanta, ku karanta tare, ku yi mata hukunci yadda Babanku zai yi: dawowar ta yi ma'ana, ko marubucin ya yi ha'inci? In ya tambaya me ya sa Zalɓe ya dawo Baba bai dawo ba, ki ce masa mutane ne suke zana Zalɓe, su ma sun rasa nasu, suna zana abin da suke so a ce yana yiwuwa. In kuma ya ce ba ya so, ko ya yaga ta, ki bar shi. Takarda ce. Waɗanda ya jera a tebur, shi zai faɗi ranar buɗe su da wanda zai buɗe.

Saura ke. Kin ga abin da bai kamata 'yar shekara goma sha tara ta gani ba, aka ce ki yi shiru, kuma a duk wasiƙarki ban ga inda wani ya tambaye ki yaya kike ba. Abin da yake zuwa miki a wurin aiki yana da magani, kuma maganin yana farawa da faɗa wa likita ko mai ba da shawara. Ki nema wa kanki lokaci daban, ba a matsayin 'yar rakiyar Emmett ba. Akwai kuma mutum ɗaya a duniya da ta tsaya a ɗakin nan tare da ke, gida ɗaya kuke kwana. Ina zaton ita ma ba ta da wanda take faɗa wa.

Ki yi magana da ita a wannan makon. Allah ya ba ki kalmomin da za ki faɗa, ya ba Emmett ikon yin kukansa, ya sanyaya zuciyar mahaifiyarku.

Ingrid Halvorsen