Inna, Ni Ma An Ce In Zauna Gida

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ɗiyarki Rabi ce. Na san takarda ba ta isa inda kike. Amma tun da aka sallame mu daga aiki na rasa wanda zai gane abin da ke cina kamar ke, don ke kin taɓa ganin irinsa.

Kwanakin baya na je Tsafe gaida Kawu Bala, sai ƙafa ta ja ni tashar jirgin ƙasa. Inna, ciyawa ta rufe layin. An yi shanyar barkono a dakalin da fasinjoji suke zama, awaki kuma na kwance daidai inda kike girka tukunyarki.

Na tuna ranakun jirgi. In ya taso daga Gusau, tun kafin ya tsaya kin ɗora tiren dambu a ka, hannuwa na miƙowa ta tagogi, ni ina biye da ke da butar ruwa. Baba yana can da gudumarsa yana duba layi. Ga Fulani masu nono, ga 'yan dako suna loda buhunan gyaɗa, ga masu amalanke. Ashe duk a jikin ƙarfen nan muke cin abinci.

Ba wanda ya zo ya ce muku an daina. Jirgin ya fara makara, ya koma fashi, daga nan shiru. Baba bai fasa sa kakinsa ya tafi tasha kullum ba, har ranar da aka ce ya zauna gida. Mutumin da ya san kowace kusa daga Tsafe zuwa Gusau ya ƙare yana gadin shagon wani. Ke kuma kika kwashe tukunya zuwa bakin titi, inda motoci ba sa jiran kowa. Duk zaɓe sai an zo da lasifika an ce jirgi zai dawo. Kina ji, ba ki ko ɗaga kai daga murhu.

A lokacin ne kike yawan ce mini, “Ki koyi aikin da ba ya ƙarewa, Rabi. Jirgi na iya daina zuwa, amma mata ba su daina haihuwa.” Da wannan maganar kika tura ni koyon aikin ungozoma.

Kin ga ranar da aka tura ni ƙaramin asibitin ƙauyen nan na gaba da Bungudu. Kika hau mota da ciwon ƙafarki don kawai ki gan ni cikin farin kaya. Kika zauna a bencin masu awo kamar mai jiran layi, kina gaya wa duk wadda ta shigo ke kika haife ni. Na gode Allah da wannan ne abin da kika tafi da shi.

Bayan rasuwarki gwamnati ta canja. Sababbin suka ce waɗanda aka ɗauka a ƙarshen mulkin na baya ba a bi ƙa'ida ba, mu koma gida har a bincika. Mu biyu ne ungozoma a wurin, duka mu biyun abin ya shafa. Da babu mu, sai aka sa kwaɗo a ɗakin haihuwa. Mai shara da mai gadi suka bi bayanmu, matar da ke toya ƙosai a bakin ƙofa ita ma ta tashi. Abokiyar aikina Jamila tana sayar da atamfa a kasuwar Gusau. Ni ina tsaron kemis ɗin wani Alhaji, ina ƙulla wa mutane maganin ciwon kai.

Maganarki gaskiya ce, Inna, mata ba su daina haihuwa ba. Akwai Hadiza, matar wani makiyayi, da nake yi wa awo. Jininta yana hawa, na ja mata kunne cewa da ta ji alamar naƙuda ta taho, kada ta tsaya jira a ruga. Ta kuwa ji maganata. Ta zo da hantsi ta tarar da kwaɗo. Kafin a sami babur a kai ta Bungudu jijjiga ta kama ta. An ciro jaririya da rai, ita Hadiza ba ta farka ba.

Mijinta ya yi ta tambaya har ya same ni a kemis. Na zaci zai yi mini faɗa, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Sai ya durƙusa ya gaishe ni, yana kirana likita, mahaifiyarsa na tsaye goye da jaririyar. Abin da ya kawo su, in nuna musu yadda ake shayar da yaron da ba shi da uwa. Na dafa ruwa, na nuna wa tsohuwar yadda za ta dama madara, ta riƙa ba ta da cokali a hankali. Sai da suka tafi na shiga bayan kanta na yi kukan da ban yi ba tun ranar jana'izarki.

An ce mu yi haƙuri, ana duba maganarmu. Ina yi, Inna. Amma wani lokaci hannuwana har ƙaiƙayi suke yi don rashin aikin da suka iya.

Allah Ya jiƙan ki, Ya jiƙan Baba, Ya yalwata muku makwanci. Allah Ya sa wa masu mulkinmu tausayin waɗanda ba su taɓa gani ba. Ya gafarta wa Hadiza, Ya karɓe ta cikin shahidai. In Ya haɗa ku a can, Inna, ki riƙe mini ita. Ki gaya mata yarinyar tana shan madara, har ta fara kumatu.

Taki har abada,
Rabi