Abin da likita ya faɗa miki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina roƙon Allah Ya sanyaya makwancinki.

Inna, zama ya gagare ni. Tun safe na share tsakar gida sau uku. Jibi zan sake tsayawa gaban masu jarrabawa a nan Garwa, karo na biyu kuma na ƙarshe. In na ci, za su ba ni takardar tafinta, in riƙa juya wa yara kurame maganar malami da hannu a lakwal, wato makaranta. In na faɗi, shi ke nan.

Ba rashin iyawa ne ya kayar da ni wancan karon ba. Haba, 'yar kurma? A hannunki na koyi magana tun kafin bakina ya buɗe.

A ajin da aka gwada ni, akwai wata ɗaliba kurma 'yar garin Mokolo. Malamin lissafi ya ce mata aikinta shirme ne, za ta maimaita aji. Ni kuwa hannuna ya ce mata ta ƙara ƙoƙari. Yarinya ta yi murmushi. Madam mai duba mu ta ajiye biro, ta ce ba ni da ikon zaɓar wa ɗaliba abin da za ta sani. Ko zagi ne, nata ne.

Wallahi na ji haushi. Sai da na hau babur na tuna inda na koyo halin.

A kasuwa, in mai sayar da kifin tafkin Maga ya kira ki bebiya, sai in ce miki gaishe ki yake. Kullum haka, ina ganin tausayi ne.

Sai ranar asibiti. Likita yana bayani, kina kallon hannuna, na ce miki magani zai yi aiki. Kika daɗe kina duban fuskata, kika shafa kaina. Kin so a kai ki Mindif ki ga ƙanwarki, na ce bari sai kin warke. Ba ki je ba.

Innata, ba haka ya ce ba. Cewa ya yi a mai da ki gida, kwanaki suka rage. Maganarki ce, na ɓoye miki. Ki yafe mini.

Jibi duk abin da aka faɗa a ajin zan miƙa shi yadda yake.

Allah Ya gafarta miki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Amin.

'Yarki kuma tafintarki,
Balki